Ƙusar da ke Cikin Ɓaure

Ranar Juma'a ne, ana fitowa daga masallaci, reshen ɓauren ya yi ƙara. Ƙas ɗaya ya yi ya tsaya, amma duk wanda ke bakin ƙorama a lokacin ya ji, kuma kowa ya ɗaga kai. Tsaga ce ta buɗe a tsakiyar babban reshen nan mai kaurin ɓauna, wanda ya miƙe bisa hanyar makarantar firamare, inda yaran garinmu ke bi safe da rana. Kafin la'asar Umda Sha'aban, mai garinmu, ya sa an gitta itace a hanya. Ya buga waya birnin Fayyum, aka ce masa kada kowa ya taɓa bishiyar, tun da a bakin makaranta take. Za a turo masa mai takardar shaidar aikin ranar Litinin.

Wannan saƙo ya hana mutum biyu sukuni a gida ɗaya, kowa da dalilinsa.

Na farko Ashur. Shekararsa arba'in da ɗaya, kuma tun yana ɗan sha biyar yake bisa itace. Ya hau dabino, ya sare itacen turare, ya rage wa mangwaro kai, daga nan har bakin tafki babu ƙauyen da ba a san kukan zartonsa na inji ba. Takarda kuwa, ban da katin ɗan ƙasa ba shi da ko ɗaya. A ce ɓauren garinsu, wanda ya karya hannu a kansa yana yaro, sai an ɗauko baƙo daga birni? Ya cika ya yi fam, ko gaisuwa da ƙyar yake amsawa.

Ta biyu uwarsa, Hajja Fahima. Ita ba ta cika ba, ba ta ce uffan ba. Abinci ne kawai ya daina wuce mata wuya.

A da, kafin a faɗaɗa hanya, akwai hubbaren Sidi Mas'ud a gindin ɓauren, da ɗan zaure mai matakala zuwa rufin soro. Idan mace ta tsaya a kan rufin, reshen nan daidai ƙirjinta yake. Maza sun san ana kafa ƙusa a gindin bishiyar saboda ciwon kai da na haƙori, wannan ba ɓoyayyen abu ba ne. Na sama ne ba su sani ba. Matar da 'ya'yanta ba sa zama, in ta sake haihuwa, sai ta yanki gashin jaririn ta naɗe shi a ƙusa, ta faki lokacin da maza ke sallar Juma'a, ta hau rufin ta kafa a reshen. An ce muddin ƙusar tana nan, yaron yana nan. Sharaɗin guda ɗaya ne: ba a faɗa. Ba a gaya wa miji, ba a gaya wa liman, balle shi yaron. Ranar da bakin uwa ya buɗe, ranar ƙusa ta saki ɗanta.

'Ya'ya maza uku Fahima ta binne kafin Ashur, ba wanda ya kai yaye. Da ta haife shi ba ta tsaya kan ƙusar kafinta ba. Wurin masu gyaran jirgin ruwa ta aika aka sayo mata, mai tsawon taƙi guda, ta hau da jikin jego ta buga ta da dutsen niƙa har kanta ya nutse. An rushe hubbaren yau shekara talatin, ɓawo ya haɗiye komai, maza sun manta ma da an taɓa yin rufi a wurin.

Kada ka ɗauka jahila ce. Ta je Makka ta dawo, ba ta wasa da salla, in ka tambaye ta za ta ce maka rai na Allah ne, ƙarfe ba ya riƙe kowa, kuma har zuciyarta take faɗa. Amma shekara arba'in da ɗaya ke nan bakinta bai taɓa kuskuren furta maganar ba. Ko a Arfa da ta nemi gafarar abin, a zuci ta nema.

Ranar Litinin mutumin ya iso cikin wata tsohuwar a-kori-kura. Injiniya Rafat sunansa, gajere, mai gilashi, da ɗan tumbinsa a gaba. Ya gaisa da Umda, ya zaro takarda cikin leda ya miƙa masa, mai hoto da hatimi, wadda ta ce ya yi karatun kula da bishiyoyi, an gwada shi a ƙasa an gwada shi a sama, ya ci. Umda ya juya ta, ya sake juyawa, shi a dole ya san ta gaske da ta jabu, sannan ya mayar. Rabin gari na tsaye. Mata suna gefe a inuwar katangar makaranta, Fahima a cikinsu, bisa kujerar roba da aka kawo mata saboda ciwon gwiwa.

Ashur ya jingina da babur ɗinsa ya ce, yadda kowa zai ji, "Bashmuhandis, babban injiniya, tambaya nake. Kai za ka hau, ko takardar?"

Aka kwashe da dariya. Shi ma injiniyan ya yi.

"Ni zan hau, Usta. Ita aikinta ta ga na sauko." Usta shi ne yadda muke kiran gwanin sana'a.

Mutanenmu kallon sara suka zo, sai ga mutum yana zagaye bishiya kamar wanda ya zo sayen saniya. Ya tona ƙasar gindinta da yatsa ya sansana. Ya bubbuga jikinta da gudumar katako yana kasa kunne. Ya koma nesa ya sa madubin hangen nesa, ya daɗe yana duban reshen, har masu gonaki suka fara zamewa. Can ya dawo ya ce, "Akwai ƙarfe a jikin bishiyar nan?"

Umda ya ce, "A gindi dai. Tsofaffi ne da ƙusoshinsu na ciwon kai. An daina tuni."

"Na gindi na san da su. Sama nake tambaya. Na ga wasu 'yan kumburi a ɓawon reshen, kusa da inda ya fito daga uwar. Haka bishiya kan yi in ta haɗiye wani abu."

Ashur ya ce, "Ƙila na gindin ne suka hau. Ai bishiya girma take."

"Ƙusa ba ta hawa, Usta. Inda aka kafa ta nan take zama ko shekara ɗari ne. Rufe ta kawai itace ke yi."

"To wace mace ce za ta kai can?" in ji wani. "Tsayin mutum uku ne fa." Aka sake dariya.

Injiniyan bai yi ba wannan karon. Ya juya ya nufo mata, ya dudduba, ya zo gaban Fahima ya tsuguna.

"Hajja, malamin da ya koya mana aikin nan ya ce, kafin ka kunna inji a kan tsohuwar bishiya, nemi tsohuwar da ta fi kowa daɗewa a garin ka tambaye ta, don maza ba abin da suka sani." Matan suka yi ƙus-ƙus suna dariya cikin mayafi. "Kin taɓa jin an sa wani ƙarfe a reshen can?"

Zakiyya, ƙawarta tun suna amare, tana tsaye a bayanta. Fahima ta ji yatsunta sun danne mata kafaɗa.

"Ban sani ba, ɗana."

Ya ɗan dube ta, ya gyaɗa kai, zai tashi. Da ta bar shi ya tafi, da ta sami kwana biyu na barci. Amma sai bakinta ya riga ta.

"In akwai fa? Me zai faru?"

Injiniyan ya fasa tashi. Ya ɓalle maɓallin wuyan rigarsa ya ja gefe. Tabo ne ya taso daga ƙashin kafaɗa, ya bi ta wuya, ya tsaya a ƙarƙashin haɓa, fari, mai kauri, da sawun ɗinki gefe da gefe.

"Wannan waya ce, Hajja, 'yar siririyar wayar shinge a cikin mangwaro, tun kafin in yi karatun. Sarƙar injin nan ta fi ido gudu. In haƙorinta ya ci ƙarfe, ko dai ta tsinke ta watso maka, ko injin gaba ɗaya ya yi tsalle ya dawo kan mai riƙe da shi. A ƙasa kana iya kaucewa. A sama kuwa, kana ɗaure da igiya, ina za ka?"

Ya mayar da maɓalli. Ya gaya wa Umda zai dawo ranar Alhamis da na'urar gano ƙarfe da igiyoyi, kafin nan a bar hanya a rufe, kada kowa ya hau. Ya sha shayi rabin kofi ya tafi.

Washegari da hantsi Fahima na tsince shinkafa a tsakar gida ta ji ƙarar da ta sani, ƙir, ƙir, ƙir. Ashur ne zaune a bakin ƙofa, injin a cinyarsa, yana wasa haƙoran sarƙa ɗaya bayan ɗaya.

"Aiki ka samu?"

"Na samu, Umma. A ƙofar gida ma." Bai ɗago ba. "Gobe Laraba Umda zai tafi kasuwar shanu. Kafin ya dawo reshen yana ƙasa. Alhamis in mai takarda ya zo, sai mu ba shi itacen girki ya kai wa matarsa."

Tiren shinkafar ya karkace, ta tare shi da gwiwa.

"An ce kada kowa ya hau."

"An ce. Awa guda yana shafa bishiya, ya ƙare da tambayar tsofaffi. Wannan ne karatun?"

"Ashur, ni na haife ka. Na ce kada ka hau."

Ya ajiye injin ya taso, ya sumbaci goshinta, ya zauna a gabanta kamar yadda yake yi yana yaro in zai yi abin da ya ga dama.

"Umma, jiya a wurin mai shayi, gaban mutum ashirin, na kama gashin bakin nan na ce in reshen ya kai azahar ɗin Laraba a sama, a kira wanzami a aske min shi a dandali. So kike a aske ɗanki kamar ɗan makaranta?"

"A aske mana. Gashi ne, zai fito."

"Ke dai kina da abin dariya." Ya tsura mata ido. "Wai me ke damunki? Reshe nawa na sauke da suka fi wannan? Ko kin san wani abu ne?"

Maganar ta taho har bakin haƙoranta. Ta dubi wuyansa, inda jijiya ke bugawa a ƙarƙashin haɓa, daidai inda tabon mutumin nan ya tsaya. Ta tuna ɗanta na uku, yadda ya yi sanyi a hannunta tana tsammanin barci yake. In ta yi shiru, inji. In ta faɗa, ba ta san ta ina abin zai zo ba, ta ruwa ko ta hanya ko ta zazzaɓin kwana biyu, kuma ita ce ta buɗe masa ƙofa da bakinta. Tsoro ya kama ta har ta ji fitsari.

"Mafarki na yi," ta ce.

"Ki rage cin tsohon cuku da dare, mafarkin zai gyaru." Ya koma kan injinsa.

Da la'asar ta ja ƙafa zuwa gidan Zakiyya. Ta same ta gaban tanda tana fidda gurasa, fuska duk gumi. Ba su taɓa yin maganar ba, su da suka riƙe wa juna mayafi a kan matakalar nan, ita ta Ashur, Zakiyya ta ɗanta da ke aiki a Kuwait yanzu. Ranar ma ba wadda ta kira abin da sunansa.

"Gobe zai hau," in ji Fahima.

"Na ji."

"Kin ga wuyan mutumin nan."

"Na gani. Ƙila ya yanka ta wani wurin. Reshen ai dogo ne."

"Zakiyya, ɗana ne, na san aikinsa. A gindin reshe yake yanka, don ya fita tas."

Zakiyya ta jefa gurasa a faifai da ƙarfi. "Kin manta Nabawiyya? Da suka yi faɗa da mijinta ta gaya masa cikin fushi. Shekara ba ta zagayo ba aka tsamo yaron a ƙorama."

"Yara nawa ƙoramar nan ta ci waɗanda ba a yi musu komai ba?"

"To je ki faɗa mana, tun da ke kin je Makka kin waye. Me ya kawo ki wurina?"

Zakiyya ta sassauta, ta naɗe gurasa biyu masu zafi ta tura mata a hannu. "Ki karya masa inji, ki kwanta ciwo, ki yi duk abin da za ki yi. Amma ki riƙe bakinki, 'yar'uwa. Ba ke kaɗai ba ce a reshen nan."

Laraba da sassafe, Ashur yana masallaci, Fahima ta ɗauki galan ɗin mansa ta juye a bayan gida. Da ya dawo ya girgiza galan ya ji wayam, ya dube ta, ya dubi ƙasar da ta jiƙe, ya yi murmushi ya ce Allah ya bar mana tsofaffi. Ya sa tiyo a tankin babur ya zuƙo wani. Ta ce ƙirjinta na ciwo, ta roƙe shi ya kai ta asibiti. Ya ce da zarar ya sauko. Ya ci wake da gurasa har da neman ƙari, ya saɓa inji ya fita.

Kafin ta kai bakin ƙorama da gwiwar nan tata, har ya hau. Mutanen wurin mai shayi duk sun hallara, da wasu da labari ya kai musu. Yana can sama ba takalmi, ba hular kwano, ya ɗaura ƙugunsa da igiyar hawan dabino, ya janyo injin da wata igiyar. Ta ga ya zaro alli daga aljihu, ya sunkuya, ya ja layi a jikin reshen.

Ba ta buƙaci madubin hangen nesa ba. Kamu ɗaya daga uwar bishiya, ta ɓangaren alƙibla. A nan ta dafa hannun hagu ranar, nono yana zuba a rigarta, limamin yana huɗuba daga nesa.

Ya ja igiyar injin sau ɗaya, ya yi tari ya mutu. Ya sake ja. A na uku ya kama, ƙararsa ta cika duniya, tsuntsaye suka watse daga ɓauren.

Fahima ta ƙetare itacen da aka gitta a hanya, ta taka har ƙarƙashin reshen, ta tsaya daidai inda zai faɗo. Maza suka hau ɗaga hannu suna ihu. Ashur ya leƙo, ya ganta, ya kashe inji.

"Umma, mene ne haka? Matsa."

"Ba zan matsa ba."

"Don girman Allah ki matsa, kina ba ni kunya."

"In za ka yanka, yanka. Ga ni."

Ta ɗauka ta sami hanya. Za ta tsaya nan har azahar, har Umda ya dawo, a aske gashin baki, kowa ya tafi gida, ita kuma bakinta a rufe. Har wani sanyi ya fara sauka a ƙirjinta. Sai ta ji ya kira 'ya'yan ƙanenta biyu, ƙarti majiya ƙarfi, ya ce su ɗauke ta a hankali kada su ji mata ciwo. Suka zo suna ba ta haƙuri, Hajja yi haƙuri, Hajja zafin rana ne, ɗaya ya kama nan ɗaya ya kama can, ƙafafunta suka bar ƙasa. Tana dukansu, suna dariyar kunya. Ba su kai ga katangar makaranta ba injin ya sake tashi.

Ta waiwaya ta kan kafaɗar wanda ke riƙe da ita. Ashur ya gyara tsayuwa, ya kwantar da bayansa a jikin igiya, ya kawo bakin zarton kan layin alli. Garin katako ya fara feshi, fari, yana sauka kamar gari daga rariya. Fuskarsa tana sama da injin, kusa ƙwarai, don ya ga layinsa.

Ta yi kururuwa, ita kanta ba ta ji ba. Ta kafa haƙoran da suka rage mata a hannun ɗan ƙanenta, ya sake ta, ta faɗi kan gwiwa, ta rarrafa ta koma cikin hanya, mayafi a ƙasa, furfura a waje. Ganin tsohuwa haka ya tsorata mazan fiye da reshen. Suka yi ta tsalle suna kaɗa hannu har Ashur ya zare zarton ya kashe.

Wurin ya yi tsit. Ana jin ruwan ƙorama.

"Me kike so da ni?" in ji Ashur cikin fushi. "Gaya min me kike so."

Ta ɗaga kai. Can gefe, a bakin katanga, ta hangi Zakiyya ta toshe bakinta da hannu biyu tana girgiza kai. Fahima ta buɗe baki. Abin da ya fito ƙaramar murya ce, amma ba wanda bai ji ba.

"Akwai ƙusa a wurin. Babba ce. Ni na kafa ta daga kan rufin Sidi Mas'ud, kana da kwana tara." Ta ja numfashi. "Taka ce."

Ta faɗa, ta zuba masa ido tana jira ya faɗo. Da gaske take jira, igiya ta tsinke, ko ƙafa ta zame, ko ya dafe ƙirji. Ba abin da ya faru. Yana nan tsaye a sama, baki buɗe, garin katako a gashin bakinsa.

Wani tsoho a cikin taron ya ce a hankali, "Wallahi an yi rufi a nan."

Ashur ya dubi layin allinsa. Ya rataye injin, ya sa aka ɗaura masa ɗan gatari ya janyo. Ya shiga sarar gefen yankan da ya fara, a hankali, yana ɓantarar itace yana jefarwa. Tun itacen na fita fari har ya koma ruwan ƙasa, sannan baƙi. Can gatarin ya yi ƙal. Ya ajiye shi, ya sa yatsa ya share. Kan ƙusa ne mai faɗin babban yatsa, a tsakiyar layin allinsa. Tsakaninsa da inda haƙoran zarton suka tsaya bai kai kaurin yatsa biyu ba.

Mutumin da ke saukowa daga dabino kamar an zubo shi, ranar sai da ya yi minti goma kafin ƙafarsa ta taɓa ƙasa. Ya zauna a kan saiwa. Ya zaro taba, ashana uku ya karya bai kunna ba, ya jefar. Sannan ya taso ya ɗauko mayafin uwarsa, ya kakkaɓe, ya rufa mata, ya ɗaga ta tsaye.

"To ga ni, Umma. Kin faɗa, kuma ga ni."

"Yau ke nan," ta ce.

Ranar Alhamis Injiniya Rafat ya dawo. An riga an ba shi labari tun a hanya, bai yi wa kowa gori ba. Ya sa hular kwano, ya ɗaure da igiya biyu, ya hau da tumbin nasa sarai, ya bi gindin reshen da na'urarsa. Ta yi kuka, ya ɗiga jan fenti. Ya matsa kaɗan, ta sake yi. Tun mutane na ƙirgawa da ƙarfi har suka koma yi a zuci, har suka daina. Wajen kamu biyu na reshen ya koma ja. Mazan garinmu, masu furfura da masu tumbi da masu 'ya'ya a jami'a, suka tsaya suna satar kallon katangar makaranta, inda iyayensu mata ke zaune kowace ta kafa ido a ƙasa. Ba wanda ya tambayi tasa. Zakiyya ba ta fito ba.

Injiniyan ya fara daga can ƙarshen reshen, yana yanka gunduwa-gunduwa yana saukewa da igiya, har ya wuce tsagar, ya tsaya nesa da jan fenti. Ya bar kututturen da abin da ke cikinsa, ya ce ɓaure ne, zai toho. Ashur ne ya riƙe masa igiya daga ƙasa tun safe har azahar, ba wanda ya sa shi. Da suka gama ya tambaye shi, murya ƙasa-ƙasa, wata nawa ake yi a karatun nan, kuma ko suna karɓar mai shekara arba'in da ɗaya.

Mutanen mai shayi sun ce sun yafe rantsuwar. Ashur ya ce shi bai yafe ba. Aka kira wanzami, aka ajiye kujera a gindin ɓauren, aka yafa masa ƙyalle a wuya. Ana ta tsokana, shi ma yana dariya, har aska ta zo kusa da maƙogwaronsa. Fahima ta miƙe tsaye ba ta sani ba, ba ta kuma zauna ba sai da wanzamin ya naɗe askarsa. Fuskar da ta fito daga ƙarƙashin gashin ta yaro ce, leɓen sama fari fat, irin na ranar da ta fara ganinsa.

Ashur ya ce zai raka injiniya bakin titi a babur ya nuna masa hanya. Ta ce ya bi a hankali. Ta ce kada ya bi ta gefen ƙorama. Ta ce ya dawo kafin la'asar, ya ce to, to, Umma, ya tayar da babur ya tafi, ta bi ƙurarsa da ido har ta kwanta.

Taro ya watse. Wanzami ya kakkaɓe ƙyallensa ya wuce. Fahima ta duba hagu da dama, ta sunkuya da ƙyar, ta tsinci gashin daga cikin garin katako, ɗan kaɗan, baƙi da fari a haɗe. Ta ƙulle shi a bakin mayafinta, ta ja ƙullin da haƙori. Tana istigfari, ba ta kuma kwance ba. Ta ɗaga kai ta dubi kututturen reshen. Tsayin mutum uku ne, kuma yanzu babu matakala.